Ƙunshi Ko Ɗai-ɗai? Lissafin Kuɗin Wata A Boɗinga Da Shagari

Ranar 1 ga Maris, 2025, kamfanin MultiChoice ya ƙara kuɗin kallon DStv da GOtv a Najeriya. Babban ƙunshinsa, Premium, ya tashi daga naira 37,000 zuwa 44,500 a wata. Compact ya tashi daga 15,700 zuwa 19,000. Kusan makonni shida kafin nan, ranar 20 ga Janairu, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai haura kashi 50 cikin ɗari ba. Mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Malamin firamare a Shagari ko masinja a sakatariyar Boɗinga, a jihar Sakkwato, in wannan adadi yake ɗauka kuma ya ce sai ya riƙe Compact, to ya ba da fiye da rubu'in albashinsa tun bai auno gero ba.

Duk lokacin da aka koka, amsar kamfanonin ɗaya ce: a dubi yawan abin da ke ciki. Tashoshi fiye da ɗari, ƙwallon Turai, fina-finai, labarai, shirye-shiryen yara, duk a kuɗi guda. Kamfanin waya ma haka yake cewa: ga data, ga mintunan kira, ga garaɓasar dare, ga ta WhatsApp, duk a ɗauri ɗaya. A ƙasashen da suka riga mu nisa a wannan harka abin ya wuce nan. Amazon ya faro Prime a 2005 a matsayin kuɗin kai kaya gida, daga baya ya cusa fina-finai da waƙoƙi a ciki. Disney ya haɗa Disney+ da Hulu da ESPN+ a 2019. Apple ya fito da Apple One a 2020, inda waƙa da fim da wasanni da rumbun ajiyar hotuna suka koma biya ɗaya. Duk inda ka juya yanzu ba a son sayar maka da abu guda. So ake ka ɗauki ƙunshi, ka kuma riƙa biya duk wata.

To ga mutumin Sifawa ko Dingyaɗi a yankin Boɗinga, ko na Kajiji da Dandin Mahe a yankin Shagari, wannan ciniki riba ne ko faɗuwa?

Ya kamata a fara da yi wa ƙunshi adalci, domin ba yaudara ce zalla ba. A ɗauka ga gidaje biyu maƙwabta. Maigidan farko mayen ƙwallo ne, zai iya ba da naira 6,000 a wata saboda ita, amma fina-finai ba su wuce 2,000 a wurinsa ba. A gida na biyu fim ne ya kai 6,000, ƙwallo 2,000. In kamfani ya sayar ɗai-ɗai zai sa wa kowanne 6,000, gida na farko ya ɗauki ƙwallo, na biyu ya ɗauki fim, kamfani ya tashi da 12,000. In kuwa ya haɗe su ya ce 7,000, gidajen biyu duk za su saya, domin kowanne a ransa ƙunshin ya kai 8,000. Kamfani ya samu 14,000, kowane gida ya samu abu biyu maimakon ɗaya, babu wanda ya ƙwaru. Masana tattalin arziki sun daɗe da gane wannan. George Stigler ya bayyana shi a 1963 da misalin yadda kamfanonin fim na Amurka ke tilasta wa gidajen silima su ɗauki fina-finai a dunƙule, al'adar da Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta tun 1948. A 1976 William Adams da Janet Yellen, wadda daga baya ta shugabanci babban bankin Amurka, suka faɗaɗa bayanin. A kayan da ake aikowa ta iska dabarar ta fi ƙarfi, domin ƙara wa mutum ɗaya tasha hamsin ba ya cin kamfani ko sisi. Tauraron ɗan'adam ya riga ya watso su, buɗe dikoda kawai ya rage.

Amma wannan lissafi yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: cewa abu na biyu yana da wata daraja a wurin mai saye, ko da kaɗan ce. Nan ne ya fara tangal-tangal a ƙasarmu.

A shiga gida a Shagari da dare a ga abin da ake kallo. Uwargida da 'yan mata suna son shirye-shiryen Hausa masu dogon zango. Maigida yana son labarai da wa'azi, in azumi ya zo kuma tafsiri da sallar tarawihi daga Makka da Madina. Samari suna son ƙwallo. Yanzu a tambaya: cikin waɗannan, wanne ne sai an biya kuɗin wata? Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014 kuma ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, ana kama ta kyauta da faranti da ƙaramar dikoda da ake saye sau ɗaya. Sunnah TV da sauran tashoshin wa'azi haka suke, tashoshin Harami biyu ma haka. Labarina da Izzar So suna kan YouTube. Labarai kuwa har gobe rediyo ce sarauniya a karkara, ga Rima Radio, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI. In aka cire duk waɗannan, abin da ya rage a cikin ƙunshin wanda ba a samu a wani wuri cikin sauƙi shi ne ƙwallon Turai, musamman gasar Firimiya ta Ingila da Kofin Zakarun Turai. Saboda haka ga mafi yawan gidajenmu kuɗin ƙunshi kuɗin ƙwallo ne, sauran tashoshin rakiya suka yo.

Wasunsu ma ba rakiya kaɗai suka yo ba, nauyi ne. Maigidan da ke da yara ƙanana da 'yan mata ba ya ɗaukar shiri irin Big Brother Naija ko tashoshin kiɗa masu nuna tsiraici a matsayin abin da bai amfane shi ba kawai. Abu ne da sai ya tsaya ya tsare gidansa daga gare shi, ya koyi yadda ake kulle tasha da lambar sirri, ya riƙa lura da wanda ke riƙe da rimot. Masu tallan ƙunshi suna ƙirga kowace tasha a matsayin ƙari. A gidan da ya damu da tarbiyya, akwai tashar da ragi ce.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ranar da ka biya, kwana talatin suka fara ƙirguwa. Ba ruwansu da ko an kawo wuta. Jihar Sakkwato tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, tare da Kebbi da Zamfara, kuma kowa ya san rabon da ke isa ƙananan garuruwa, balle ƙauyukan da turakun ma ba su kai ba. A watan Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya biya kuɗin wata a farkon wannan duhu, kwanakinsa sun ci gaba da tafiya. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda yaƙi da 'yan bindiga, a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Datar da ke cikin wayoyin mutane ba ta tsaya jiran a dawo da sabis ba. Da damina, hadari ya haɗo, faranti ya daina kamawa, sau da yawa a tsakiyar wasa. GOtv kuma da eriya yake aiki, ƙarfinsa yana raguwa gwargwadon nisanka da birni.

Don haka farashin gaskiya ba shi ne wanda aka rubuta a talla ba. Sai an raba shi da awannin da aka samu damar kallo. Mutum biyu sun biya naira 19,000 kowanne. Ɗaya yana unguwar da wuta ke kwana, gidansa na kallon awa biyar a rana, wato awa 150 a wata, kowace awa ta tsaya masa a ƙasa da naira 130. Ɗayan wuta ba ta bar shi ya wuce awa ɗaya a rana ba, kowace awa ta tsaya masa a fiye da naira 600. In ya ce zai cike giɓin da janareto, to tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin man wasa biyu ko uku a mako yana iya kamo kuɗin ƙunshin kansa. Kuɗi ɗaya suka biya, amma wanda ya fi talauci shi ya sayi kaya mafi tsada. Wannan shi ya sa sola ta canza lissafin gidaje da yawa. Wanda ya iya sayen faranti da batir ya mayar da awa talatin ta koma ɗari, sai ƙunshin ya fara biyan kansa. Sai dai wanda ya iya haɗa sola a gidansa ba shi ne mafi yawan mutanen Boɗinga ba.

Ba wuta kaɗai ke cin kwanakin ba, har da yanayin rayuwa. An tsara biyan wata-wata ne don mai albashi. Manomin gero da ke fita gona tun asuba da damina, ya dawo a gajiye bayan la'asar, ba ya da lokacin kallo a watannin da aljihunsa ma ya fi bushewa. Mai albasa da mai noman rani a gefen madatsar ruwan Shagari kuɗinsu a dunƙule yake zuwa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ɗan acaba da mai shayi da mai faci kullum suke samu, kullum suke kashewa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 sun sa Sakkwato a gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kashi 91 cikin ɗari. A irin wannan wuri, tara naira dubu goma a ba da ita a rana ɗaya don kallo abu ne da mutane ƙalilan za su iya, ko da a ce ƙunshin ya cancanci kuɗin.

StarTimes, kamfanin ƙasar Sin da ya shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya gane wannan, ya fito da biyan kwana ɗaya da na mako a 2017. Kamfanonin waya ma sun daɗe da sayar da datar yini. Wannan ya dace da aljihun talaka, amma yana da nasa haraji: wanda ke sayen ƙaramar data kullum, in aka tara abin da ya kashe a wata, yakan biya fiye da mai sayen babba sau ɗaya a kan kowace giga. Rahusar sari tana wurin mai jari.

Mutanenmu ba su zauna jiran kamfani ko gwamnati ba. Gidan kallon ƙwallo, wannan rumfar kwano ko ta zana mai benci-benci da allon da aka rubuta wasannin yau da alli, shi ne amsar da suka bayar, kuma amsa ce mai hikima. Mai gidan kallo yana sayen ƙunshin dungurungum, ya sayi mai, ya ɗauki asarar ranar da hadari ya ɓata hoto, sannan ya yanka shi wasa-wasa ya sayar. A ɗauka ya biya naira 30,000, kuɗin Compact Plus bayan ƙarin 2025, yana karɓar naira 200 a kan kowane mutum. Shiga 150 a wata ta mayar masa da kuɗin ƙunshi, ranar da Arsenal ta haɗu da Manchester United ko Real Madrid da Barcelona kuwa rumfar ba ta ɗaukar jama'a. Saurayin da ƙungiyarsa ke buga wasa shida a wata ya kashe naira 1,200, ya ga abin da yake so, bai biya kuɗin tashar girke-girken Turawa ba. Abin da 'yan majalisa suka shekara suna neman a tilasta wa kamfani, wato biya gwargwadon abin da aka kalla, mai rumfa ya riga ya yi shi a bakin titi. Ba a rasa abin cewa game da gidajen kallo: wasan dare da ke hana ɗalibi barci, musun da kan kai ga faɗa, wasan da ke cin lokacin magariba. Shi ma mai rumfar yana da tasa damuwa, domin kamfani yana da farashi daban na masu nuna wa jama'a, wanda ya fi na gida. Amma ta fuskar lissafi, babu inda ƙunshi ya fi amfani a ƙasar nan kamar inda mutum hamsin suka raba shi.

Ɗan'uwan mai gidan kallo shi ne mai tura fina-finai a memori, wanda galibi shi ne kuma mai cajin waya. Ya sauke shiri sau ɗaya, ya tura wa mutum ɗari a kan 'yan canji. Ga mai saye babu abin da ya fi wannan araha. Sai dai a nan dole a faɗi gaskiya: wanda ya zuba kuɗinsa ya shirya fim ɗin a Kano sau da yawa ba ya ganin ko kwabo daga wannan ciniki. Kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim suka koma YouTube da manhajoji irin su Northflix da Kallo.ng suna neman inda za su mayar da jarinsu. In muna son a ci gaba da yi mana fim da harshenmu, wani wuri dole kuɗi ya fita daga hannun mai kallo ya isa hannun mai yi. Naira ɗari biyar da aka biya manhajar Hausa ta fi kusa da wannan buri fiye da dubu goma da aka biya ƙunshin da abu mafi tsada a cikinsa shi ne haƙƙin nuna ƙwallo, wanda da dala ake sayensa.

Manhajojin waje irin su Netflix, wanda ya iso Najeriya a Janairun 2016, lissafinsu gajere ne a wurinmu. Kuɗin watan ba shi ne babba ba, data ce. Kallon awa ɗaya da hoto matsakaici yana iya cin kusan giga ɗaya, mai kyau sosai har giga uku. Ga buƙatar katin banki, ga sabis da ke rawa da zarar an bar babban titin Sakkwato zuwa Jega, ga ƙarancin abin kallo da Hausa. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke jin Turanci kuma yake zaune inda sabis ke da ƙarfi, yana iya zama ciniki mai kyau. Ga sauran jama'a bai taso ba tukuna.

Ƙunshin da ya shafi kowa, har tsohuwar da ba ta taɓa ganin dikoda ba, shi ne na waya. Kuma nan ne aka fi cutuwa, domin kuɗin ƙanana ne, ba a jin fitarsu sai an tara.

Ana sayar maka da giga biyu, ashe ɗaya ta dare ce, ba ta aiki sai mutane sun yi barci. Ana ba ka garaɓasar kira mai yawa a ido, amma ana cire ta da farashin da ya fi na kullum, kuma tana mutuwa cikin 'yan kwanaki. Ka sayi ƙunshin WhatsApp kaɗai, wani ya turo maka mahaɗin bidiyo, ka taɓa, sai kuɗin katinka ya fara zuba. Mafi muni shi ne rajistar da mutum bai san ya yi ba. Saƙo ya faɗo a fuskar waya da Turanci, yana tallan waƙar kira ko labarin wasanni ko wata gasa. Dattijon da karatunsa na allo ne da ajami, ko matar da ba ta yi boko ba, ta danna don saƙon ya kauce, ashe amincewa ta danna. Daga ranar ana cire naira ashirin ko hamsin, kuma abin yana sabunta kansa. Shi ya sa za ka ji ana cewa "layin nan cin kuɗi yake yi," ko "na sa kati sun cinye." Mutum ya je wurin yaron da ke sayar da kati ya duba masa, ko ya gaji ya jefar da layin.

Hukumar NCC ta yi ƙoƙari, kuma ya kamata a san abin da ta tanada. Tun 2016 akwai lambar 2442 ta hana saƙonnin talla. A 2018 ta umarci kamfanoni su daina sabunta wa mutum rajista ba da yardarsa ba, su kuma riƙa mayar wa mai saye ragowar datarsa in ya sabunta cikin wa'adi. A 2023 ta daidaita gajerun lambobi a duk layuka, *323# don duba ragowar data, *305# don dakatar da rajistar da ba a so, ga kuma 622 ta kai ƙara. A 2024 ta ce kowane kamfani ya taƙaita tsare-tsarensa, kada su wuce bakwai, ƙunshi kuma kada ya wuce ɗari. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna girman matsalar: in ɗari ne bayan an rage, wane mai saye ne zai iya kwatanta su ya zaɓi mafi araha? Kuma mutum nawa ne a kasuwar Shagari suka taɓa jin waɗannan lambobi da harshen da suke fahimta? A watan Fabrairun 2025, da MTN ya ɗaga wani ƙunshin mako na giga 15 daga naira 2,000 zuwa 6,000, masu amfani da shafukan sada zumunta suka yi ca, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Waɗannan suna da murya. Wadda ake cire wa naira ashirin kullum a ƙauye ba ta da inda za ta yi ca. Kuma kada a ɗauka wannan halin kamfanoninmu ne kaɗai. A watan Satumban 2025 Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a Amurka kan zargin shigar da mutane Prime ba da cikakken saninsu ba da kuma wahalar da su wajen fita.

Ƙasar Sakkwato ta malamai ce, kuma sun bar mana ma'aunin irin wannan ciniki. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, a Boɗinga kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna yana karantarwa. Duk wanda ya bi Risala ko Muhtasar har babin ciniki ya san yadda malaman Malikiyya suka tsananta kan garari, wato cinikin da mai saye bai san abin da zai samu ba. Sun halatta sayar da kaya a tsibi ba tare da awo ba, amma da sharuɗɗa: mai saye ya ga kayan, ya iya kintatar yawansu, kuma kada ya zama mai sayarwa ya san adadin ya ɓoye. Mai kashin tumatir a kasuwa yana cika waɗannan. Kana gani, kana juyawa, ka yi tayi, har ka nemi gyara. Mai sayen ƙunshin data ba ya ganin mudun da ake auna masa, kamfani ne ke riƙe da shi, shi ne kuma ke faɗin lokacin da ya ƙare. Hukunci na malamai ne. Amma ma'aunin da suka koyar da mu ya isa mu san tambayar da za mu yi kafin mu biya: me na saya, nawa ne, yaushe zai ƙare, kuma wa zai tabbatar mani?

A Abuja kuwa muhawarar ta daɗe tana zagaye wuri ɗaya. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti a 2020, ta Dattawa ta bi sahu a 2022, duk kan a tilasta wa kamfanonin talabijin tsarin "biya gwargwadon abin da ka kalla." Kamfanin ya dage cewa haƙƙin nuna shirye-shirye a dunƙule yake sayensa, kuma tauraron ɗan'adam aikowa kawai yake yi, ba ya sanin ko ka kunna. A 2025 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta nemi a dakatar da ƙarin kuɗin, aka je kotu, a watan Mayu Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce hukumar ba ta da ikon ƙayyade farashi. Masu neman yi wa DStv kishiya ma sun gwada. HiTV ya karɓe gasar Firimiya a 2007, ya kasa riƙe ta, ya durƙushe a 2011. TSTV ya fito ranar 1 ga Oktoba, 2017, da alkawarin biya gwargwadon kallo, bai yi nisa ba. Kwesé TV ya rufe a 2019.

Ina ganin masu neman a sayar da tasha ɗai-ɗai suna da kyakkyawar niyya, amma ba nan maganin yake ba. Kanada ta tilasta haka a 2016, ta ce a yi ƙaramin ƙunshi da bai wuce dalar ƙasar 25 ba, sauran mutum ya zaɓa. Indiya ta yi nata a 2019. A ƙasashen biyu mutane da yawa sun tarar cewa da sun tsinci tashoshin da suke so, kuɗin ya dawo kusa da na da, wani lokaci ya wuce. Dalili a fili yake. Tashar da kowa ke so ita za a ɗora wa kuɗin. In aka fasa ƙunshin DStv gobe, tashar girke-girke za ta yi araha, ƙwallo ba za ta yi ba, ga naira da ta faɗi daga wajen 460 a kan dala a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Ƙananan tashoshi irin na Hausa, da ke rayuwa a inuwar manya, su ne za su fara shan wuya.

Abin da zai taɓa rayuwar mutumin Boɗinga da Shagari shi ne a fasa kwanakin, ba tashoshin ba. A sayar masa da yini ɗaya, ko ƙarshen mako, ko mako guda, a farashin da bai zama horo ba. A ba shi damar tsayar da ƙirgen in wuta ta ɗauke ko ya tafi gona ko cin rani. Wannan ba sabon abu ba ne: tun 2016 hukumar kare masu saye ta wancan lokaci, CPC, ta umarci MultiChoice ya bar mai biya ya dakatar da kallonsa na kwana 7 zuwa 14, sau biyu a shekara. An tsara shi ne don mai tafiya hutu, ba don wanda taransifomar unguwarsu ta ƙone ba, amma ya nuna cewa na'urar tana iya tsayar da ƙirge in an so. Kasuwa ma ta fara tilastawa. Rahoton kamfanin ya nuna ya rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya tsakanin Maris 2023 da Maris 2025, kuma a 2025 ya fara gwajin biyan mako-mako a Uganda. Canal+ na Faransa, wanda ya karɓi ragamarsa a watan Satumban 2025, ya daɗe yana ciniki da masu ƙaramin ƙarfi a Nijar, da dikodarsa 'yan'uwanmu na Ƙonni da Maraɗi ke kallon ƙwallo.

A ɓangaren waya, abin nema bai kai wannan wahala ba. Kada a cire wa mutum ko naira ɗaya a kan wata rajista sai an tambaye shi sau biyu da harshen da ya zaɓa, da murya in ba ya karatu. Duk ƙunshi a faɗi a fili nawa ne na rana, nawa ne na dare, yaushe zai mutu. In gwamnati ce ta katse sabis a wani yanki, a tsayar da ƙirgen datar mutanen yankin har a dawo da shi. A riƙa sanar da *305# da 622 a Rima Radio da sauran gidajen rediyon jihar kamar yadda ake sanar da allurar rigakafi. Mazaɓar Boɗinga da Dange-Shuni da Tureta tana da wakili a Majalisar Wakilai, ta Yabo da Shagari ma tana da nata. Mafi yawan waɗannan buƙatu ba sa neman sabuwar doka, umarni ne da NCC da FCCPC ke da ikon bayarwa, kuma kwamitocin majalisar ne ke kiran shugabannin hukumomin biyu su zo su kare kasafin kuɗinsu duk shekara.